Zuwa kwarin Timiya a duwatsun Azbin: amsa ga mai shirin tafiya daga Kano

Wani bawan Allah daga Kano ya aiko da tambaya cewa shi da abokansa sun ga hotunan Timiya, kwari mai lambuna da magangarar ruwa a tsakiyar duwatsun Azbin da ke arewacin Nijar, kuma suna so su je su yi yawon ƙafa, su hau dutse, su kwana a fili, su yi wanka a gindin magangarar. Sun sa ranar tafiya a watan Agusta, don an gaya musu a lokacin ne ruwan yake zuba sosai, kuma da motar ɗaya daga cikinsu suke niyyar zuwa. Yana so ya san ko shirin ya yi daidai, da abin da ya kamata su tanada, da halin da hanya take ciki.

Malam, wurin da kuka zaɓa ya cancanci wahalar zuwa, kuma ina murna da jin cewa matasanmu sun fara waiwayar arewa maimakon tunanin cewa duk wurin shaƙatawa sai an haye teku. Amma abubuwa biyu a cikin shirinku sai an sauya su, wato watan tafiya da motar tafiya. Akwai kuma abu na uku da ba ku ambata ba, wanda a ganina ya fi sauran nauyi: Timiya ba dajin Allah ba ce da babu mai ita. Gari ne na manoma da makiyaya da fatake, kuma duk abin da ya ja hankalinku a hoto, daga koren lambu har ruwan da ke kwance a gindin dutse, abincin mutane ne da abin shansu. Wanda ya riƙe wannan a zuciyarsa tun daga gida, yawancin abin da zan faɗa a ƙasa zai zo masa da sauƙi.

Bari in fara da yadda ƙasar take, domin daga nan ne dalilin sauya wata zai fito. Azbin tarin duwatsu ne da suka taso a cikin hamada arewa da Agadas, wasu na baƙin dutsen da aman wuta ya bari tun zamanin da, wasu kuma manyan curarrun duwatsu masu tsauri, kuma a kan tsaunin Bagzan ne ƙololuwar da ta fi kowace tsawo a Nijar take, mai mita 2,022. Ruwan saman da ake samu a yankin kaɗan ne ƙwarai; a Agadas kanta, abin da ke sauka a shekara guda bai cika wuce milimita 150 ba, kuma kusan dukkansa tsakanin Yuli da Satumba yake zuwa. Da yake dutse ba ya shan ruwa, abin da ya sauka a kan faɗin tsauni gaba ɗaya yakan gangaro cikin ɗan lokaci ya taru a ƙoramu, ya bi su da ƙarfi, sannan ya nutse cikin yashin da ke gadon ƙoramar. Wannan ruwan da yashi ya ɓoye shi ne rayuwar Timiya. Rijiyoyin lambunan a gefen ƙorama aka haƙa su, kuma daga abin da damina ɗaya ta ajiye a ƙarƙashin ƙasa ake shayar da dabino da lemu da rumman da alkama har damina ta kewayo. Shi ya sa za ka ga koren bai bazu ko'ina ba, sai dai ya bi bakin ƙorama a siririn layi, dama da hagu kuwa baƙin dutse ne tsirara.

To, hanyar mota daga Agadas zuwa Timiya, wadda ta kai kimanin kilomita 220, a wurare da yawa cikin waɗannan ƙoramu take bi ko ta tsallaka su. A watan Agusta ƙoramar da ka ratsa da safe tana busasshiya tana iya cika da azahar, ba tare da ɗigon ruwa ya taɓa kanka ba, saboda hadarin can nesa ya zuba a kan wani tsauni da ba ka ma hango shi. Ruwan yakan zo da ƙugi, jajir da laka, yana tafe da itatuwa da duwatsu, kuma yana iya kifar da mota mai kaya. Ko da an tsira daga wannan, ana iya kwana biyu ko uku a bakin ƙorama ana jiran ruwa ya janye yashi ya tsane. Gaskiya ne a lokacin ne magangarar take da ƙarfi, amma ruwan damina mai laka ne, kuma gindin magangarar a sa'ad da ruwa ke tahowa wuri ne da mai hankali ba ya tsayawa. Ga sauro da zazzaɓin cizonsa, waɗanda sukan yawaita a lambuna a ƙarshen damina, abin da mutane da yawa ba sa tsammani a hamada.

Shawarata ita ce ku tafi tsakanin Nuwamba da Fabrairu. A Nuwamba ƙoramu sun bushe, hanya ta daidaita, sauran ciyawar damina tana nan a kwaruruka, ruwan da ya taru a gindin magangara ya kwanta ya yi garau, kuma sanyi bai yi tsanani ba tukuna. Disamba da Janairu sun fi daɗin tafiyar ƙafa da rana, kuma lokacin lemu ne, sai dai dare a kan tudu yana da sanyin da mutumin Kano bai saba da shi ba ko a tsakiyar hunturu, domin ma'aunin zafi yakan sauko kusa da sifiri a wurare masu tsawo. Iskar hunturu kuma wani lokaci takan tayar da hazo ta rufe duwatsun kwana da kwanaki. Daga Afrilu zuwa Yuni kuwa kada ma ku sa abin a lissafi. Zafin Agadas a lokacin yana wuce digiri 40, baƙin dutse kuma yakan sha rana ya riƙa mayar da ita har bayan magariba.

Sai maganar tsaro, wadda ba zan sassauta ta ba don in faranta muku. Yankin ya ga tawaye sau biyu a baya-bayan nan, na farko daga 1990 zuwa 1995, na biyu daga 2007 zuwa 2009, kuma a na biyun an binne nakiyoyi a wasu hanyoyi, wanda hakan kaɗai ya isa dalilin da zai hana baƙo sauka daga hanyar da mutane suke bi ya ce zai yanke. Tun daga 2014 da aka gano zinariya a arewa, zirga-zirgar motoci da kuɗi ta ƙaru, 'yan fashin hanya ma suka ƙaru tare da ita. A farkon 2025 an sace wasu mata biyu Turawa a cikin garin Agadas. Bayan juyin mulkin Yulin 2023 kuma, dokokin shiga da fita da na yawon baƙi sun sha sauyawa, har da rufe iyaka da Nijeriya na tsawon watanni, sannan Nijar ta fice daga ƙungiyar ECOWAS. Kasancewarku Hausawa Musulmi zai sauƙaƙa muku mu'amala, amma ba zai mayar da ku 'yan ƙasa ba a idon jami'in da ke kan shinge. Saboda haka kafin ku biya kowa ko sisi, ku tabbatar da takardun da ake nema a iyaka a wannan lokacin, ku riƙe fasfo da katin rigakafin shawara, kuma da kun isa Agadas ku bi ta hannun kamfanin yawon buɗe ido mai rajista, wanda zai kai sunayenku ga hukuma ya kuma gaya muku ko ana buƙatar rakiyar jami'an tsaro. Idan hukuma ko jagoranku suka ce hanya ba ta yi ba a wannan makon, ku haƙura ku tsaya a Agadas. Garin kansa, da tsohon masallacinsa mai hasumiyar ƙasa ta mita 27 da fadar Sarkin Abzin da tsoffin unguwannin da UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2013, ya isa ya cika muku kwanaki ba tare da kun ji kun yi asara ba. Kada ku ɗauki hoton shingen soja ko na jandarma, kuma ku bar ɗan jirgin ɗaukar hoto maras matuƙi a gida.

Game da mota, taku za ta iya kai ku Agadas idan lafiyarta ƙalau, ta Daura da Matamaye zuwa Damagaram, sannan ta Tanut da Adarbisinat, ko da yake ni da kaina na fi son a shiga motar haya ta kamfani a huta. Daga Agadas zuwa gaba kuwa, sai mota mai jan ƙafa huɗu, wadda mutanen can suke kira kat-kat, da direban da ya san hanyar, kuma in da hali motoci biyu, domin idan ɗaya ta lalace a inda babu sabis ɗin waya, ɗayar ce asibitinku da garejinku. Abin da ke kashe mota a Azbin ba yashi ba ne kamar yadda ake zato, tsakuwa ce mai kaifi da ke yanka gefen taya, don haka ku duba da idonku cewa akwai safaya biyu, da famfo, da kayan faci, da jarkokin mai na zuwa da dawowa. Kilomita 220 a kan kwalta tafiyar sa'o'i uku ce, amma a wannan hanya ku ba ta yini guda, ku tashi bayan asuba, kuma kada ku yarda dare ya same ku kuna tafiya. Za ku wuce ta Elmeki, inda aka daɗe ana haƙar kuza, daga nan hanya ta ƙara shiga cikin duwatsu.

Magangarar tana gabanin garin da 'yan kilomitoci ga mai zuwa daga kudu. Ƙoramar ce ta tarar da katangar baƙin dutse ta tsaga shi, ruwan yana gangarowa daga gurbi zuwa gurbi har ya faɗa cikin tafki a ƙasa, wanda gefensa yashi ne mai laushi. A lokacin sanyi abin da ke zuba yakan zama siriri, wata shekarar ma ya kusa ɗaukewa idan damina ba ta yi kyau ba, kuma gara ku san haka tun yanzu don kada ku auna abin da za ku gani da hoton da aka ɗauka a Satumba. Kyan wurin ba a yawan ruwan yake ba. Bayan yini guda kana cikin ƙura da hucin dutse, sai ka shiga inuwar wannan tsagi ka ji iska ta sauya, ka ga sawun awaki da raƙuma da na tsuntsaye a kan danshin yashi, ka ga inda ruwa ya goge dutse ya yi santsi har yana sheƙi. Wannan shi ne abin da ake zuwa gani.

Za ku iya yin wanka, amma da sharuɗɗa. Ku tambayi jagoranku tukuna, domin akwai lokutan da mata da makiyaya suke wurin da dabbobinsu, kuma ba daidai ba ne baƙi maza su tuɓe a gabansu. Kada a sa sabulu ko a wanke kaya a cikin tafkin, tunda ruwa ne da ba ya gudu sosai kuma dabbobi suna sha. A ɗebo a bokiti a koma gefe. Kada kowa ya yi tsalle daga kan dutse, saboda kowace damina tana sauya zurfin wurin, inda ya shanye mutum bara yana iya cika da yashi da duwatsu bana. Ruwan kuma yana da sanyi fiye da yadda ido yake nunawa, tunda rana ba ta daɗewa a kansa, kuma jikin da ya sha zafi idan ya faɗa ruwan sanyi farat ɗaya, jijiya tana iya ɗaurewa ko numfashi ya sarƙe. A shiga a hankali, wanda bai iya ruwa ba ya tsaya inda ƙafarsa take taɓa ƙasa. Hawa gefen magangarar don a leƙa gurabun sama shi ne inda aka fi jin rauni, domin dutsen da ruwa ya goge ba ya riƙe takalmi.

Yawon ƙafa a Timiya iri-iri ne, kuma ina ba ku shawara ku fara da mafi sauƙi ko da kuna jin ƙarfi. A ranar farko ku bi ƙorama ta cikin lambuna da safe, da la'asar kuma ku hau tudun da ke saman garin, inda Faransawa suka gina ƙaramar ganuwar soja a shekarun 1950, wadda ake kira da sunan Massu. Hawan ba shi da tsawo, amma daga can ne za ku fahimci tsarin kwarin gaba ɗaya, ku ga yadda gidaje suka rabe a gindin dutse suka bar wa lambuna ƙasa mai kyau. Daga rana ta biyu sai a shiga kwarurukan da ke kewaye, inda makiyaya suke da awakinsu a ƙarƙashin aduwa da magarya da itatuwan ƙaya. Tafiyar da ta fi dacewa da ƙasar ita ce wadda mutum yake taka ƙafa, raƙumi ko jaki yana ɗauke da ruwa da kayan kwana, jagora yana gaba. Ana tashi da sanyin safiya, a yada zango a inuwa tun kafin rana ta take, a sake tashi bayan la'asar. Wanda ya ce zai yi ta tafiya da tsakar rana don ya cika wani adadin kilomita, ba jarunta ya nuna ba, rashin sanin wuri ne. Hawan Bagzan kuwa aiki ne na kwanaki da ake shirya shi dabam, galibi ta ɓangaren Tabelot, kuma ban ga dalilin haɗa shi da zuwan farko ba.

Ruwan sha shi ne abin da baƙi suka fi yin kuskure a kansa, kuma dalilin kuskuren shi ne bushewar iska. A Kano idan ka yi gumi kana ganinsa a rigarka, amma a Azbin gumi yana bushewa kafin ya jiƙa tufa, sai mutum ya yi zaton bai rasa komai ba alhali jikinsa yana ƙafewa. A ranar tafiyar ƙafa ku lissafa wa kowane mutum lita biyar zuwa shida na sha kaɗai, ban da na girki da alwala, kuma a riƙa kurɓa a kai a kai ba sai ƙishirwa ta kama ba. Ma'aunin da ba ya ƙarya shi ne fitsari: idan ya yi kaɗan ya yi duhu, ruwa ya yi ƙaranci. Ciwon kai da jiri da kasala da saurin fushi su ne alamun farko, kuma maganinsu inuwa ce da hutu da ruwan gishiri da sukari, wato ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita guda, idan babu na ƙunshi da ake sayarwa a kantin magani. Idan kuwa mutum ya fara sambatu ko ya rikice, jikinsa ya yi zafi rau, to abin ya wuce gajiya. A kwantar da shi a inuwa, a jiƙa jikinsa ana yi masa fifita, a nemi hanyar kai shi asibiti nan take. Ruwan rijiya ko na tafki a tafasa shi ko a sa masa ƙwayar tsarkake ruwa kafin a sha, domin cikin da bai saba ba ba ya ɗaukar abin da na 'yan gari yake ɗauka, kuma gudawa a wurin da ruwa yake da tsada ba ƙaramar matsala ba ce. Inda ruwa ya yi wuya a zango, addini ya ba matafiyi sauƙin taimama da ƙasaru, kada a zubar da na sha saboda kunya.

Wajen kwana, yashin gadon ƙorama ya fi ko'ina laushi, shi ya sa yake jan baƙo, amma ƙa'idar mutanen ƙasar ita ce a hau gefe inda ya ɗan yi tudu, ko da ba lokacin ruwa ba ne. Ku riƙe bargo mai kauri ko jakar barci, da rigar sanyi, da hular da ke rufe kunne. Rawani ya fi hular rana amfani nesa ba kusa ba, tunda yana tare rana da ƙura da sanyi gaba ɗaya. Takalmi ya zama rufaffe mai kaurin ƙasa wanda ƙafa ta riga ta saba da shi, domin ƙaya tana huda silifas, sabon takalmi kuma yana fasa ƙafa tun ranar farko. Da safe a kakkaɓe takalmi da shimfiɗa saboda kunama, kada a cusa hannu a ƙarƙashin dutse ko cikin rami, kuma a riƙe tocila idan za a kewaya da dare, saboda akwai macizai masu dafi ko da yake sanyi yana rage fitowarsu. Ku zo da ƙaramin murhun gas. Itacen da kuke gani a kwance kamar ba shi da mai shi, shi ne makamashin matan da ke kiwo a wannan kwarin, kuma bishiya a can tana ɗaukar shekaru masu yawa kafin ta kai abin yin inuwa. Duk leda da gwangwani da batir da kuka shiga da su, ku fito da su. Awaki suna cin leda, kuma tana kashe su.

Yanzu ga mutanen garin, waɗanda a wurina su ne rabin dalilin zuwa. Abzinawa ne na reshen Kel Ewey, kuma alaƙarsu da Kano ta girmi kakanninku. Ayarinsu na raƙuma yakan tashi bayan damina ya ratsa hamadar Tenere zuwa garuruwan Fashi da Bilma da hatsi, ya ɗauko kantun gishiri da dabino, sannan ya gangara kudu zuwa Damargu da ƙasar Hausa, inda fataken sukan yi watanni suna sayar da gishiri suna sayen gero, raƙumansu suna kiwo a gonakin da aka girbe, kafin su koma gida. Baƙin turkuɗin da dattijo yake naɗawa a ranar biki, a marinar Kura ta ƙasar Kano aka saba rina shi. Saboda wannan tsohuwar hanya, maza da yawa a Timiya suna jin Hausa sarai, kuma kada ku yi mamaki idan wani tsoho ya tambaye ku labarin wata kasuwa ko wani ƙauye da ku kanku ba ku taɓa zuwa ba. Wannan gata ne da Bature mai yawon buɗe ido ba shi da shi, kuma ina roƙonku kada ku ɓata shi da gaggawa. Da kun sauka ku sa jagora ya kai ku ku gai da shugabannin gari, ku zauna a sha shayi har kofi na uku, ku amsa gaisuwa da tsawonta. Namiji ba ya sauke amawalinsa a gaban baƙo ko surukai, don haka ba a roƙonsa ya buɗe fuska saboda hoto, kuma ba a ɗaukar hoton mace ko yaro sai da izini.

Lambunan duk masu su ne, ko da ba ka ga kowa a ciki ba. Idan aka ba ku izinin shiga, ku nemi a nuna muku rijiyar gargajiya, inda raƙumi ko sa yake jan guga ta kan abin juyi na itace, yana tafiya yana dawowa a kan turba guda, yaro yana biye da shi, guga yana tuntsurar da ruwa a kwami ya bi ƙananan magudanai zuwa fangali bayan fangali, mai lambu yana buɗe wannan da fartanya yana toshe wancan. Injin ban ruwa ya maye gurbin dabba a lambuna da yawa, ya ba da damar faɗaɗa noma, musamman albasar da ake lodinta zuwa kudu, amma ya kuma sa ana zuƙar ruwan ƙasa fiye da da, kuma za ku ji manoma da kansu suna maganar rijiyoyin da suke ƙara zurfi. Wanda ya ga wannan da idonsa ba zai sake tambayar dalilin da ya sa aka hana shi sa sabulu a tafki ba. Ku sayi lemu da rumman da dabino da cuku a hannun masu su, ku ɗauki jagoran ƙafa da mai raƙumi daga cikin garin ko da kun zo da wani daga Agadas, kuma kada ku matsa ciniki kamar kuna Kantin Kwari, domin shekarun rashin tsaro sun yanke wa mutanen nan kuɗin shigar da baƙi suke kawowa. Raba wa yara kuɗi ko alewa a kan hanya ba alheri ba ne. Wanda yake da niyyar taimako ya miƙa ta hannun makaranta ko ɗakin shan magani.

Idan hanya ta ba da dama kuma hukuma ta yarda, arewa da Timiya a kan hanyar Iferwan akwai kufan Asode, tsohon birnin da ya taɓa zama cibiyar Azbin, inda har yanzu bangayen gidaje na dutse da na babban masallaci suke tsaye, ƙasa kuma cike da fasassun tukwane. Gabas da nan ne babban gandun Azbin da Tenere yake, mai faɗin fiye da murabba'in kilomita 77,000, wanda UNESCO ta sa a jerinta a 1991, ta kuma sa shi cikin wuraren da ke cikin haɗari tun 1992. Akwai zane-zanen dutse na mutanen da a wurare da dama, na raƙuman dawa da shanu da jiminai, shaidar cewa ƙasar ta taɓa zama mai ruwa da ciyawa. Ba a zuba musu ruwa ko a goga musu alli don hoto ya fito, ba a rubuta suna a kusa da su, kuma ba a ɗaukar ko guntun kasko ko kan kibiya na dutse a sa a aljihu. Namun dajin da suka rage, irin su barewa da ragon dutse, sun yi ƙaranci saboda farauta, don haka idan wani ya yi muku tayin harbi ko naman daji, ku ƙi.

Game da yawan kwanaki, daga Kano zuwa Kano ku ware aƙalla kwana goma: biyu na zuwa Agadas, ɗaya ko biyu a can don takardu da sayayya da ganin gari, ɗaya na shiga Timiya, uku a cikin kwarin, ɗaya na fitowa, biyu na komawa gida. Ku ƙara kwana ɗaya ko biyu a kan wannan waɗanda ba ku ɗora musu komai ba, saboda taya tana fashewa, izini yana jinkiri, hazo yana rufe hanya. Ku canji kuɗinku zuwa sefa tun kafin ku bar Damagaram ko Agadas, ku riƙe ƙananan takardu, domin babu banki a cikin duwatsu kuma canji yana wuya. Ku yi yarjejeniya da kamfanin a rubuce kan abin da kuɗin ya ƙunsa, wato mai da abinci da ruwa da ladan jagora da na rakiya idan akwai, kuma ku bar wa wani a gida da wani a Agadas sunan direba da lambar mota da ranar da ake sa ran fitowarku, tare da abin da za su yi idan ranar ta wuce ba su ji daga gare ku ba. Mai hawan jini ko ciwon sukari ko asma a cikinku ya ga likitansa kafin tafiya, ya kuma riƙe maganin da zai ishe shi har da rarar mako guda, domin asibitin da zai iya ɗaukar babbar matsala yana Agadas, yini guda daga inda za ku kasance.